Me ya sa bugu ɗaya ke kashe mayaƙina? Amsa kan yadda ake faɗa a tsohon Dungeons & Dragons

Wani ƙanenmu daga unguwar Zango, nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Shi da abokansa na fada sun samu tsofaffin dokokin Dungeons & Dragons, bugun 1981, wasan labari da kowa yake riƙe da mutum guda, alƙalin wasa yana tafiyar da labarin, ɗan ludo yana yanke sa'a, suna bugawa a kan tabarma bayan isha'i, labarinsu kuwa sun kafa shi a wani kufan birni mai ganuwa da lunguna. Abu uku ne ya tsaya masa a rai: me ya sa sulke mafi kyau yake da lamba mafi ƙanƙanta, me ya sa mayaƙi ba ya kai sara sai ɗaya a kowane turmi, kuma me ya sa mutanensu suke mutuwa tun a ɗakin farko. Ya rufe da cewa ko dai su ƙara wa kowa makin rai ne, wato yawan raunin da mutum zai iya ɗauka kafin ya mutu, a huta.

Ƙanena, kada ku ƙara ko maki ɗaya tukuna. Mutuwar da kuke gani ba kuskuren littafin ba ce, kuma ba rashin sa'a ba ce kawai. Akwai dokoki a cikin littafin nan da nake kyautata zaton kuna tsallakewa, domin kusan duk wanda ya koyi wasan da kansa, ba tare da wani ya zaunar da shi ba, su yake tsallakewa. Su ne ke rage yawan faɗan da za ku yi, su ne kuma ke gajarta wanda ya zama dole. Amma bari in fara da inda lambobin suka fito, don in ka san asalinsu ba sai ka haddace su ba.

Wasan ya fito a 1974 a Amurka, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, kamfanin TSR ya buga shi a wani ƙaramin gari, Lake Geneva, a jihar Wiskonsin. Mutanen nan biyu ƴan wasan yaƙi ne, irin masu jera ƙananan mutum-mutumin soja a kan tebur suna sake buga yaƙe-yaƙen da. A 1971 Gygax da Jeff Perren sun fitar da Chainmail, dokokin yaƙin zamanin takobi da mashi, inda mutum-mutumi ɗaya yake tsaya wa soja 20. A can, sojan gama-gari bugu ɗaya ne ke kai shi ƙasa, jarumi kuwa ana ƙirga shi daidai da mutum huɗu. Da Arneson ya fara ba kowane ɗan wasa mutum guda ya riƙe, a wasansa na Blackmoor a Minesota, sai ya ga mutane ba sa jin daɗin a kashe musu wanda suka shaƙu da shi a jifa ɗaya. Daga nan makin rai ya samo tushe.

A bugun 1974 kowane makami, wuƙa ce ko takobi, rauninsa ɗaya ne: abin da ɗan ludo mai fuska shida ya nuna. A littattafan ana rubuta shi d6, mai fuska takwas d8, mai fuska ashirin d20, haka zan riƙa rubutawa daga nan. Ran sojan gama-gari ma d6 guda ne. Haɗa biyun ka gani: a cikin hanyoyi 36 da za su iya faɗuwa, a 21 raunin ya kai yawan ran ko ya wuce. Wato sara ɗaya in ya shiga, ya fi kusa da kisa fiye da akasin haka. Mayaƙi sai ya kai mataki na 4 littafin yake kiransa jarumi, lokacin yana da d6 huɗu na rai, mutum huɗun nan na Chainmail ke nan. Wanda kake riƙe da shi a matakin farko soja ne da ya ɗan ga yaƙi, ba gagara-badau ba. Bugun 1981 da ke hannunku, wanda Tom Moldvay ya tsara, ya ɗan canza lambobin, amma ƙashin bayan yana nan: mayaƙi d8, mai addu'a d6, ɓarawo d4, matsafi d4. Maki ya kai sifili, an mutu, babu suma babu jinya.

In ba ku da d20, ko kuma a gida akwai wanda ba ya son ganin ɗan ludo saboda kamarsa da kayan caca, ku yanka takardu 20 daga kaye, ku rubuta lambobi, ku zuba a hula. Sharaɗin kawai a mayar da takardar da aka ciro kafin a sake ciro wata, in ba haka ba lissafin ya lalace. Kuɗi ba ya shiga wasan nan ta ko'ina. Ƙuri'a ce ta raba gardama tsakanin alƙalin wasa da ƴan wasa.

To, batun sulke. Lambar nan ta daraja ce: na biyu ya fi na tara. Arneson ya ce daga wani wasan jiragen ruwan yaƙi masu sulken ƙarfe ya aro tsarin. A littafinku mutum da rigarsa kawai yana aji na 9, sulken fata 7, sulken zobba 5, sulken faranti 3, garkuwa kuma tana rage ɗaya. Tunda labarinku a ƙasa irin tamu yake, ni zan ajiye lifidi a 7, sulke a 5, kamar yadda za ka ga bambancinsu a jikin mahaya ranar hawan sallah. Wannan hukuncina ne, ba na littafi ba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, sulke a wannan wasa ba ya rage zafin sara. Aikinsa ɗaya ne, ya sa saran ya yi wuyar shiga. Mai kai hari yana jefa d20, ya duba ko ya kai lambar da ake nema. Sabon ɗan wasa, kowane iri ne, yana buƙatar 19 don ya samu mai aji na 0. Cire ajin abokin gaba daga 19, abin da ya rage shi kake nema. Goblin, ƙananan dodannin nan da suka cika ɗakunan farko, ajinsu 6 ne: 19 ban da 6, saura 13. Daga 13 zuwa 20 fuska takwas ce, wato kashi 40 cikin 100. In mayaƙin yana da ƙarfi 13 zuwa 15 ya ƙara ɗaya a kan jifansa, 16 ko 17 ya ƙara biyu, 18 ya ƙara uku, kuma ƙarin yana bin raunin ma. Irin wannan lambar ta samun mai aji na 0 ita ce bugu na biyu na babban reshen wasan, Advanced Dungeons & Dragons, wato AD&D, na 1989, ya mayar doka da sunan THAC0, a littattafan Faransanci za ka ga TAC0. Daga bugu na uku, na shekarar 2000, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, aka juya lambobin suka riƙa hawa sama. In hawa ya fi muku sauƙi, ku juya naku a kaye: cire kowane aji daga 19 sau ɗaya ka rubuta. Mai riga 10, mai lifidi 12, mai sulke 14, mai faranti 16, da garkuwa a ƙara ɗaya. Babu abin da ya canza a sa'ar kowa.

Yanzu juya lissafin kanka, nan ne abin yake da daɗin dubawa. Goblin ma daga 19 yake cirewa. Mayaƙinka mai sulke da garkuwa yana aji na 4, goblin na neman 15, kashi 30. In ya sa faranti da garkuwa, aji na 2, ana neman 17, kashi 20. Matsafi kuwa doka ta hana shi sulke, yana 9, ana neman 10 kawai, kashi 55. Ka ce ransa 3 ne. In saran ya shiga, fuska huɗu cikin shida na d6 sun isa su gama da shi. Haɗa biyun, sama da kashi ɗaya cikin uku ke nan: duk lokacin da goblin guda ya ɗaga hannu a kan matsafin nan, sa'arsa ta mutuwa nan take ta wuce ɗaya cikin uku. Saboda haka matsafi a sahun gaba gawa ce da ba a kai ba. Kuma ku duba farashi tun ranar ƙirƙirar mutum: ana fara wasa da zinariya 3d6, wato d6 uku a haɗa, sau goma, sulken zobba 40 ne, faranti 60, garkuwa 10, takobi 10. Bambancin zinariya 20 yana sauke harin da ke shiga daga kashi 30 zuwa 20. Babu wani sayayya a shafin nan da ya kai wannan riba.

Tambayarka ta biyu, sara ɗaya a turmi. A littafinku turmi daƙiƙa 10 ne. A AD&D, wanda littattafansa uku suka fito tsakanin 1977 da 1979, turmi minti guda ne cur. Ba wanda zai tsaya minti ɗaya da takobi a hannu ya kai sara ɗaya tak, kuma Gygax bai ce haka ba. Ya bayyana cewa a cikin turmin ana ta kai da kawowa, ana karewa, ana yaudara, ana ja da baya, jifan d20 kuwa yana tsaya wa dama guda da ta buɗe ta kai bugu mai illa. Duba filin kokowa: ƴan kokowa biyu sai su daɗe suna laluben hannu, suna taka ƙasa, suna gwada juna, amma kamun da zai iya kayarwa ɗaya ne ko biyu. Shi kaɗai wasan yake ƙirgawa, sauran na bakin alƙalin wasa ne ya ba da labari.

Haka makin rai. Mayaƙi mai maki 40 ba yana nufin za a soke shi da mashi sau goma yana tsaye ba. Gygax ya rubuta cewa mafi yawan makin babban mayaƙi gwaninta ne, da sa'a, da juriya, da iya kauce wa sara har ya zama ƙwarzane. Don haka in kai ne alƙali, kada ka ce takobi ya shiga ciki alhali an cire maki 4 daga 40. Ka ce garkuwarsa ta girgiza, numfashinsa ya fara sama-sama, jini ya tsattsafo a damtse. Makin ƙarshe ne kawai nama da ƙashi. Wannan ne ma dalilin da ya sa dokokin littafinku ba su da ninka rauni in an jefa 20, ba su kuma da cewa an sare hannu ko ƙafa. Mutane da yawa sukan ƙara wannan da kansu. Ni ba na ba sababbin ƴan wasa shawarar haka, domin dodanni sun fi ku yawan jifa, kuma duk dokar da ke ƙara zafin sa'a kanku take komawa.

Tsarin turmin kansa gajere ne. Kowane ɓangare ya jefa d6 guda, wanda ya fi yawa ya fara, kuma ana sakewa kowane turmi. Ɓangaren da ya fara zai bi wannan jeri: gwajin ƙarfin zuciya in lokacinsa ya yi, sai motsi, sai harbi, sai tsafi, sai gaba da gaba. Sannan ɗaya ɓangaren ya yi nasa. In an yi kunnen doki ana iya barin komai ya faru lokaci guda, har mutum biyu su kashe juna. A littafinku ma asalin dokar ita ce kowane makami d6. Teburin da ya ba wuƙa d4, mashi da kibiya d6, takobi d8, babban takobi na hannu biyu d10, zaɓi ne. In kun ɗauke shi, ku ɗauka da sharaɗinsa: mai makamin hannu biyu ba shi da garkuwa, kuma shi ne ƙarshen kai hari.

Yanzu mun zo ga dokokin da na ce kuna tsallakewa, kuma nan nake so ka natsu.

Ta farko, shammata. In ɓangarori biyu suka haɗu ba shiri, kowanne ya jefa d6. Wanda ya samu 1 ko 2 an shammace shi, ɗayan ya samu turmi guda kyauta. Mai ɗauke da wuta a cikin duhu da wuya ya shammaci kowa, haskensa ya riga shi isa. Turmin nan na kyauta ba lalle a kashe shi a kan sara ba. Ana iya rufe ƙofa, a ja da baya ba a gan ku ba, ko a shirya kwari da baka.

Ta biyu ita ce tarba, kuma ita ce aka fi mantawa. Littafin bai ce duk abin da kuka haɗu da shi zai far muku ba. Alƙali yana jefa 2d6, wato d6 biyu a haɗa. In ya fito 2, hari ne nan take. Daga 3 zuwa 5 suna da mugun nufi, suna iya kai hari. Daga 6 zuwa 8 ba su yanke shawara ba, suna kallo. Daga 9 zuwa 11 ba za su taɓa ku ba, suna iya sauraron tayi ko su wuce. A 12 kuwa maraba ce. Ƙirga hanyoyin: hari nan take ɗaya ne cikin 36, mugun nufi tara, sauran 26 duk akwai wurin magana. Kwarjinin wanda ya yi gaba ya yi magana yana ƙara wa jifan ko ya rage. Ka ga ashe lambar kwarjini, wadda sababbin ƴan wasa suke rainawa, tana ceton rai fiye da ƙarfin damtse. Goblin shida da ke gadin ƙofa suna iya karɓar abinci su kauce, suna iya gaya muku inda abokan gabarsu suke, suna iya neman ku taya su kawar da wani dodo da ya dame su. Duk faɗan da aka mayar ciniki, rayuka ne aka ajiye.

Ta uku, ƙarfin zuciya. Kowane dodo yana da lamba tsakanin 2 da 12. Ana gwada ta sau biyu: lokacin da aka kashe na farko a cikinsu, da lokacin da rabinsu suka faɗi. Alƙali ya jefa 2d6, in ya wuce lambar, sun watse ko sun miƙa wuya. Ta goblin 7 ce. Hanyoyin samun 8 zuwa 12 goma sha biyar ne cikin 36, kusan kashi 42. Wato da kun kayar da ɗaya, akwai sa'a mai ƙarfi sauran biyar su cika wandonsu da iska. In sarkinsu yana tare da su lambar takan hau zuwa 9, shi ya sa kibiyar farko shi ya kamata ta nema. Orc, manyan ƴan uwansu, tasu 8 ce. Ƙwarangwal da aka tayar da tsafi kuwa tasa 12 ce, ba ya gudu har abada, kuma da wannan lambar kaɗai ya fi goblin ban tsoro ko da ƙarfinsu ya yi kusa. Littafin ya sa wannan doka a cikin na zaɓi, amma a wurina ba zaɓi ba ce. In aka cire ta, kowane faɗa sai an kashe na ƙarshe, tsawonsa ya ninka, saran da za a kai muku ma ya ninka. Ina da yaƙinin rabin gawarwakinku daga nan suka fito. Ku tuna kuma dokar tana aiki a kan barorin da kuka ɗauka haya. Su ma in abu ya yi zafi suna iya barin ku da kaya.

In kana so ka san abin da masu wasan suke nufi da faɗa, duba inda suka ajiye lada. Kashe goblin makin gogewa 5 ne, orc 10. Mayaƙi yana buƙatar 2,000 kafin ya hau mataki na 2, matsafi 2,500. Da kisa kaɗai, sai mayaƙi ya kashe goblin 400 shi ɗaya. Amma kowace zinariya da aka fito da ita daga kufai maki ɗaya ce. Akwati mai zinariya 600 ya fi goblin ɗari. To wanda ya lallaɓa ya ɗauko akwatin ba a zare takobi ba ya samu kusan duk ladan, bai biya komai ba. Faɗa a wannan wasa hanya ce mafi tsada ta isa ga dukiya. Ana bin ta in sauran sun toshe, ko in an riga an shirya ta yadda rinjaye ya tabbata.

Shirin kuwa mafi yawansa wuri ne. Ɗauki mayaƙinku mai aji na 4 da makin rai 5. A tsakiyar fili, goblin uku sun kewaye shi: kowanne kashi 30, matsakaicin d6 uku da rabi, jimla kusan maki uku a kowane turmi. Turmi biyu, ya tafi. Mayar da shi bakin lungu ko ƙofar zaure inda ɗaya ne kawai zai iya isa gare shi: maki ɗaya da ɗan ɗigo a turmi. Mutum ɗaya ne, sulke ɗaya, amma ya samu turmi huɗu ko biyar maimakon biyu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ne in an ba shi fili. Tunda kufanku mai lunguna ne, taswirar da kuka zana da hannunku tana ba ku wannan makami kyauta. Alƙalai da yawa suna barin mai mashi ya soka daga sahu na biyu ta kan kafaɗar ɗan uwansa, ni ma ina bari. Sai harbi kafin a haɗu, da kwalbar mai: zinariya 2 ce, in an kunna an jefa rauninta d8, in an zuba a ƙasa an cinna kuma ta tare hanya.

Gudu ma yana da dokarsa, a karanta ta. Wanda ya ja da baya yana fuskantar abokin gaba yana tafiya da rabin saurinsa, ba a ƙara wa kowa komai a kansa. Wanda ya juya baya ya sheƙa, an ƙara wa mai bin sa biyu a jifa, garkuwarsa kuma ba ta ƙirguwa. In ana bin ku, a yar da abinci ga dabba, a yar da kuɗi ga mai hankali. Akwai sa'ar rabi da rabi su tsaya. Sulken ƙarfe yana rage sauri in kuna amfani da dokar nauyi, don haka tun kafin a shiga a san wa zai iya tsere wa wa.

Tsafi a matakin farko harsashi ɗaya ne. Matsafi yana da dabo guda a rana, mai addu'a ba shi da ko ɗaya sai ya kai mataki na 2, sai dai yana iya korar matattun da aka tayar. A cikin dabon matakin farko, na barci ya fi kowanne: yana kwantar da ƙananan halittu da ƙarfinsu ya kai jimlar 2d8, ba su da jifan tsira, wanda ya yi barci kuma ana iya gamawa da shi ba jifa. Goblin shidan nan yawanci dabo ɗaya ya ishe su. Kibiyar tsafi ba ta kuskure, amma rauninta d6 da ɗaya ne kawai, abokin gaba guda. Aikin ƙungiya shi ne ta tsare matsafin har lokacin da ya dace. A AD&D dokar a fili take: in aka buge shi yana tsakiyar karanta dabo, dabon ya lalace kuma ya tafi ke nan na ranar.

Jifan tsira shi ne na abin da sulke ba ya tarewa. Kashi biyar ne: dafi ko hasken mutuwa, sandar tsafi, shanyewar jiki ko komawa dutse, numfashin macijin wuta (dragon), sai dabo. Sabon mayaƙi yana neman 12, 13, 14, 15, 16 bi da bi a d20. Dafi a tsohon wasan ba ya wasa: ka faɗi jifan, yawanci ka mutu, ko makin ranka nawa ne. Shi ya sa gizo-gizo mai dafi ya fi orc haɗari ga babban mayaƙi. Numfashin macijin wuta kuma rauninsa daidai yake da makin ran da ya rage wa macijin a lokacin, wanda ya tsira ya sha rabi. Wannan doka guda ta isa ta gaya maka yadda ake tunkararsa: a far masa yana barci, a rage shi kafin ya buɗe baki.

Saura lokaci, wanda shi ke haɗa komai. A cikin kufai ana ƙirga lokaci minti goma-goma. Itacen wuta awa ɗaya yake ci, haskensa kamar mita tara. Kowane minti 20 alƙali yana jefa d6, in ya fito 1 wani abu mai yawo ya ci karo da ku, kuma masu yawo da wuya su zo da dukiyar kirki. Hutun yini guda cikakke a wuri mai aminci maki 1 zuwa 3 yake mayarwa. To raunin da kuka sha a ɗakin farko da shi za ku shiga ɗaki na huɗu. Ba faɗa ɗaya ake lissafawa ba, tafiyar duka ce, kuma babbar shawarar da ƙungiya take yankewa a kowane zama ita ce yaushe za a juya gida.

In bayan kun bi duk wannan har yanzu mutuwar ta yi muku yawa, akwai sauƙi biyu da ba sa karya wasan. Littafinku da kansa ya yarda alƙali ya bar ɗan wasa ya sake jefa makin ransa na farko in ya samu 1 ko 2. Ko ku aro dokar AD&D, inda wanda ya kai sifili ya suma ne, jini na zuba, sai ya kai goma ƙasa da sifili ya mutu, in ba a ɗaure masa raunin ba. Wannan tana ba abokansa aikin jawo shi daga fili, wanda yakan fi faɗan kansa tayar da hankali. Kowane ɗan wasa kuma ya ajiye mutum na biyu a bayan takardarsa. Ƙirƙirar sabo minti kaɗan ce, 3d6 sau shida.

Wata ƙila kuma abin da zuciyarku take so shi ne faɗan da ake ganin kowane sara, a san inda ya sauka. Wannan buƙata ce mai kyau, kuma tun wancan zamanin aka yi mata wasa. RuneQuest, na kamfanin Chaosium, ya fito a 1978: gwanintar makami kashi ce cikin 100, wanda aka kai wa hari yana jifan karewa, sulke yana shanye wani ɓangare na raunin, kuma kai da ƙirji da hannu da ƙafa kowanne da makinsa. Tunnels & Trolls na Ken St. Andre, 1975, ya bi hanya ta daban: kowane ɓangare ya haɗa jifansa wuri ɗaya, a cire ƙarami daga babba, ɓangaren da ya gaza ya sha bambancin, kuma da d6 kaɗai ake buga shi, irin wanda ke cikin kowane kwalin ludo a kasuwar Dole. Sai dai ku sani a RuneQuest turmi ɗaya yana cin lokaci fiye da na littafinku, kuma ko gogaggen mayaƙi makin ransa ba ya tashi da matakai, mashi ɗaya a kai yana iya gamawa da shi.